Man da Muka Dafa ta Bayan Zana

Abin da zan ba ku labari ya faru bayan shekarar da gero ya gagare mu muka koma cin garin rogo, amma kafin a fara kiɗan 'yancin kai. In kuna son ku matso kusa, to bayan daminar da gulbi ya cika ya cinye shinkafar mutanen Kalgo ne, daidai lokacin da amalanken shanu suka fara shigowa ƙasar Gwandu, yara na bin su a guje. Ina da goyon fari a bayana a lokacin. Ni ba ta boko ba ce, da irin wannan nake auna shekaru, kuma ban taɓa ɓata ba.

Surukina, uban mijina, sai kwanan nan ya rasu, ranar Talata bayan azahar, a ɗakin da ke jikin tsohuwar maƙerarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa kabari ya yi masa faɗi.

Ba a yi kuka sosai ba, gaskiya ita ce gaskiya. Liman ya ce mutum ne mai haƙuri. Maƙwabta suka ce ya ci zamaninsa ya taɓa na wasu. Jikokinsa kuwa abin da suka sani shi ne tsoho mai rawar hannu da ake kai wa fura a zaure. Samari suka zauna a tabarma suna zancen taki da babur, in an ce fatiha su shafa, su koma inda suka tsaya. Wani dattijo ya ce har yau da garmar da marigayi ya ƙera yake noma, aka ce Allah sarki, magana ta mutu a nan.

Ranar sadakar uku sai ga wani tsohon mai amalanke daga Diggi, idonsa ya tafi, 'yarsa na jan sandarsa. Da ya gama da maza sai ya ce a kai shi bakin ƙofar mata. Ya tsaya ya ɗaga murya.

"Ina mai tukunya? Tana nan ko ita ma ta bi?"

Na ce, "Ina nan, Malam. Sannu da hanya."

"To madalla. Ke kinka hana mu man nan, ko? Ai ban manta ba."

Da dariya ya faɗa, don tun can bakinsa ba shi da linzami. Yaran mata suka yi dariya ba su san abin da ake wa ba. Amma tsofaffin da ke gefena, waɗanda suka ga zamanin, kowacce ta sunkuyar da kai tana gyaran gyale. Ba ni kaɗai maganar ta soka ba. Shi ya sa na ce a zauna a rubuta, don kada a ce tsohon nan garma kawai ya ƙera ya tafi.

Surukina maƙeri ne, ɗan maƙeri. Dogo ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu saboda dukan ƙarfe da masaba. Ba ya sallamar garma ko fartanya sai ya ɗumama ta a wuta, ya goge ta da tsumma da man kaɗe har ta yi baƙi tana sheƙi, don kada tsatsa ta ci. In mai garma na sauri ya ce a bar shafawar, sai ya ce, "Ni ba na sallamar garma tsirara." Kuma duk abin da ya ji yana ƙara, ƙofa ce ko keke, ba ya iya wucewa. Ya taɓa tsayar da baƙo a hanyar masallaci ya karɓe kekensa ya shafa masa mai, sannan ya tambaye shi daga ina yake.

Ni kuwa daga gidan malamai aka kawo ni. Ranar da za a kai ni, gwaggona ta kama kunnena ta ce, "Gidan maƙera za ki, masu hayaniya. Ki nuna musu inda kinka fito." Na kuwa nuna. Uban miji ba a kallonsa, ba a amsa masa magana, ba a ci a gabansa. In ya shigo cikin gida ka durƙusa ka juya fuska, in da hali ka shige ɗaki. Kowace mace ta san wannan, amma ni na fi kowa riƙe shi, har ana misali da ni a unguwa. Ina jin daɗin misalin, ba zan ɓoye ba.

Sana'ata sabulun salo. Na ƙona karan dawa, na tace ruwan tokar, na dafa shi da man kaɗe har ya kama. Daga Gwandu har Malisa an san sabuluna.

To ga amalanke sun zo. Ƙafar amalanke a kan wata sandar ƙarfe take juyawa, in babu mai a tsakaninsu sai su yi ta cin juna. Tun daga nesa za ka ji kukansu, har shanun kansu suna kaɗa kunne. Giris na gwangwani sai kantin birni, can ma ba kullum ba. Masu amalanke suka koma shafa kitse da man gyaɗa. Kafin hantsi ya yi zafi ya narke ya zube, yashi ya shiga, sandar ta yi zafi har tana hayaƙi. Kullum ana jawo wa surukina amalanke da sanda a cinye, shi kuwa abin yana cin ransa kamar shi aka yi wa laifi.

Wata rana sabuluna ya ɓaci. Sau ɗaya ne a rayuwata, shi ma don yaro na zazzaɓi hankalina ya rabu, mai ya yi yawa. Ya ƙi kamawa, ya tsaya lagwab-lagwab. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta ɗauki tukunyar za ta zubar a bayan gida, sai suka yi kiciɓis da mijinta. Ina ɗaki ina jin su.

"Wanga mi ne?"

"Abin kunyar matar ɗanka ne. Kauce in wuce."

Ya sa yatsa ya lakato, ya murza, ya shinshina. Ya daɗe yana murzawa.

"Aje mini shi."

"Wanka za ka fara da tsufanka?"

"Na ce aje."

Mai amalanken Diggi shi aka fara shafa wa. Ya tafi, rana ta yi zafi, abin bai narke ba, ƙafa ta yi shiru. Sai da ya kai mashigin ruwa kusa da Kalgo ya tsunduma, sai ga kumfa tana tashi daga ƙafafun amalanke fari fat. Mata masu wanki suka kwashe da dariya suna cewa ga amalanke ya zo wanka. Ya dawo yana zage-zage, wai an mai da shi abin wasa. Surukina ya tambaye shi, "Amma kafin ruwa fa?" Ya ce kafin ruwa kam ko sauro ya fi shi ƙara.

Daga nan tsoho ya shiga gwaje-gwaje. Ya sa yumɓu, ya sa garin gawayi, ya sa ƙaro, duk a banza. Can sai ya sa aka kwaso masa katantanwa daga fadama, ya ƙone ta a wutar maƙera har ta koma fara, ya yayyafa mata ruwa tana huci tana tafasa ita kaɗai. Wannan farin garin da aka zuba a tukunyata shi ne ya kashe kumfar. Aka sami mai wanda rana ba ta narkar da shi, ruwa ba ya wanke shi.

Amma ba kamar miya ba ce da za ka ce gishiri kaza, daddawa kaza. Man kaɗe na bana daban da na bara, toka ma haka. Ni ke ganin tukunya, in ɗanɗana ruwan tokar a harshe, in san lokacin da ta kai. Shi ya san ƙarfin garinsa, ya san yawan da za a zuba gwargwadon abin da na gani. Kuma lokacin zubawa ɗan ƙanƙani ne, in ya wuce ya wuce. Ga shi ba ma magana da juna.

Sai aka kafa murhu a jikin zanar da ta raba maƙera da cikin gida. Ni a ciki, shi a waje, Inna a tsaye a bakin ɓarakar zana tana kai magana tana kawowa.

"Tambaye ta, ya ta ga tukunya?"

"Kin ji shi, wai ya kinka gani. Kamar ni ba ni da ido."

In sunkuya in raɗa mata cewa ta fara tafasa amma idanun ƙanana ne.

"Ta ce ƙanana, irin naka."

"A ƙara wuta kaɗan. Kaɗan na ce, ba irin wadda kike ƙona tuwo da ita ba."

"Tuwon da ka ci har ka aje tumbi? Yarinya, ƙara kara guda, kada tsoho ya suma."

Cikin wannan shirmen nata ba ta taɓa ɓatar da magana ba. Ta san bakin maƙera, ta san bakin murhu. In na ce tukunya ta yi nauyi, ta san yadda za ta faɗa masa ya gane. In ya ce yanzu, kafin ya rufe baki ƙoƙon gari ya iso hannuna.

Ruwan toka yana cin fata, hannuwana duk sun tsattsage. Ban faɗa wa kowa ba. Wata safiya na tarar da muciya ta ƙarfe, doguwa, an sa mata mariƙin icce an goge shi sumul, an jingine ta a jikin zana ta gefena. Inna ta ce, "Aljanu sunka kawo. Aljanun garin nan sun iya ƙira." Ban yi godiya ba, don ba hanyar yi.

Mai ya yi suna. Lokacin auduga amalanke kan yi layi a ƙofar gidanmu, daga Ceberu, daga Malisa, har daga ƙetaren gulbi. Wani malamin gona ya zo a keke ya duba, ya murza a yatsa, ya yi ta mamaki. Ya ce a ƙasar Turawa in mutum ya ƙago abu irin wannan, ɗaura masa sunansa ake yi, ba mai yin irinsa sai da izninsa. Ina bayan zana ina ji. Surukina ya yi dariya.

"To wanga sai dai a ɗaura wa mutum uku. Ni na ƙona, mai tukunya ta dafa, tsohuwa ta yi surutu."

Inna ta ce, "Surutun ya fi tsada."

"Amma in gaskiya ake so," in ji shi, "tukunya ta riga wuta. A fara da mai tukunya."

A gaban baƙo ya faɗi haka, a zamanin da namiji ba ya ambaton aikin mace ko a gaban ɗan'uwansa. Tun ranar masu amalanke suke ce mini mai tukunya.

Inna ta rasu bayan an gama yankan gero, zazzaɓi ne bai ja ta da nisa ba. Kafin a yi arba'in auduga ta fashe, amalanke suka fara tsayawa a ƙofa, ga tukwanen mai sun kusa ƙarewa.

Aka fara gwada mijina a bakin zana. To shi ɗan fari ne, shi ma uban ba ya kallonsa, ba ya kiran sunansa, "wancan" yake ce masa. Ka tsayar da mai kunya tsakanin masu kunya biyu, me kake tsammani? In na raɗa masa magana mai tsawo sai ya gutsure ta ya ce, "Wai ta yi." Uban ya ce ta yi yaya, shi kuma ya tsaya sosa ƙeya. Tukunya ta ƙone, hayaƙi ya cika gida. Surukina ya jefar da ƙoƙo ya ce wa zana, "A gaya wa wancan ya koma wajen shanunsa." Mijina ya ce wa ƙasa, "A gaya wa tsoho ni ba a haife ni don aike ba." Ba kowa a wurin da zai gaya wa wani. Sun yi kwanaki ba su haɗa hanya ba.

Aka aiko da ƙanwar mijina daga Kalgo inda take aure. Tana da wayo, ta fara kamawa, amma ga jariri ga miji na aike, ta koma. Surukina ya nemo wata tsohuwa mai sabulu daga Ceberu wadda ba kunya tsakaninsu. Sun ɓata tukwane da yawa. Hannunta daban ne, nata kullum rabewa yake, mai a sama gudaji a ƙasa. Ta gaji ta ce ita ba ta zo duniya ta yi wa shanu girki ba.

Wata maƙwabciya ta ba ni shawara, ta ce in yi ta magana da tukunya da ƙarfi, in ya ji ai ba da shi nake ba. Mata da yawa haka suke yi. Na ce wannan rainin hankali ne, kowa ya san da wanda nake. Ni ba irin wannan kunyar ta rabi da rabi aka koya mini ba.

Sai ranar nan. Da hantsi ne, gida cike da mata ana sussuka, gwaggona ma ta zo gaisuwa. Na ɗora tukunyar sabulu. Sai muka ji gyaran murya, ba daga bayan zana ba, a bakin ɓarakar kanta, inda Inna ke tsayawa. Taɓare suka tsaya. Na durƙusa na juya baya.

"Ɗiyata," in ji shi. Bai taɓa kirana da komai ba sai ranar. "Kunyar da ke tsakaninmu tawa ce, ni anka yi wa ita, na kuwa yafe. Duniya da lahira na yafe. Mutane na ƙofa da dabbobinsu. Gaya mini kawai, in tukunya ta kai, mi kike gani?"

Amsar tana bakina. Ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na ɗaga ido kaɗan sai na ga gwaggona, na ga matan unguwa kowacce ta riƙe taɓarya tana jira ta ga abin da 'yar gidan malamai za ta yi. Na ja mayafi na rufe fuska, na tashi a sunkuye na shige ɗaki, na saki asabari.

Ya daɗe a tsaye. Ina jin tukunya tana tafasa ba mai juyawa. Can ya ce, "To. Allah shi yi miki albarka." Na ji takunsa ya koma.

Matan nan suka yi ta sa mini albarka. Gwaggona har da hawaye, ta ce ta yarda ba ta yi renon banza ba. Wata ta ce ai tsohon ne ya zubar da girmansa, rashin mata ya taɓa masa hankali. Aka yi ta faɗa a gidajen suna da na biki, in amarya ta cika rawar kai a ce ta je ta ga mai tukunya. Ba wadda ta ce kash, har ni. Su ne tsofaffin da suka sunkuyar da kai ranar sadakar uku.

Bai sake tambaya ba, bai kuma taɓa canza mini fuska ba. Da kansa ya fita ya sallami masu amalanke, ya ce musu mai ya ƙare. Da suka matsa sai ya ce shi ne ya kasa, bai ambace ni ba, ko da yake labari ya riga ya fita ta bakin mata. A kakar nan sanduna da yawa sun cinye, mutumin Diggi sai a kan jakuna ya ƙarasa kai audugarsa. Bayan 'yan shekaru motoci suka yawaita, giris na gwangwani ya shigo har kasuwar ƙauye, aka daina zancen namu. Na yi ta gaya wa kaina ai ko da na amsa, gwangwanin zai zo. Zai zo kam. Amma da a ce na amsa, da ya zo ya tarar da mu a tsaye.

Na ci gaba da yi masa tuwo, ina wanke masa tufafi da sabuluna, ina durƙusawa. Mijina ya riga shi tafiya. Surukina ya tsufa, ni ma na tsufa, gida ya koma daga jikoki sai mu. A daminar da ta wuce na kai masa fura da kaina, don ba wanda zan aika. Na ajiye ƙwarya, maimakon in fita sai na zauna a bakin ƙofa. Ban san abin da ya zaunar da ni ba.

Na ce, "Baba."

Ya juyo a hankali, yana neman inda muryar ta fito, don bai san ta ba.

Na ce, "In ta kai, manyan idanu take yi, su fashe a hankali ba ƙara. Kuma in ka ɗaga muciya sai ya biyo ta kamar zare, ba ya ɗiga."

Na ɗauka bai gane ba. Sai ya yi murmushi.

"Kamar zare. Ashe. Ni kuwa na yi ta ce wa ta Ceberu ta jira ya yi kauri."

Na ce, "To garin fa, Baba? Yaya ake auna shi? In gwada ko sau ɗaya."

Ya ɗaga hannuwansa biyu suna kaɗawa kamar ganye, ya duba su.

"Ba kaina ya sani ba, ɗiyata, waɗanga sunka sani. Ga su nan kuwa." Ya mai da su cinya. "Amma na gode da kinka faɗa. Abin ya daɗe yana damuna."

Shi ne ya yi mini godiya. Na fito na zauna a gindin murhu, ranar ban iya dafa komai ba.

Wannan shi ne mutumin da aka rufe ranar Talata. Wanda ya ji ya yi masa addu'a, ya haɗa da Inna.

Cikin waɗanda suka ga man nan da idonsu, ba mu da yawa. Akwai makahon Diggi. Akwai maƙwabciyar da ta ce in yi magana da tukunya, tana nan amma ba ta fita. Akwai biyu cikin masu sussuka. Akwai ƙanwar mijina a Kalgo, ƙafa ta hana ta zuwa gaisuwar ubanta, an ce jikin ya yi nauyi. Sai ni.

Mai rubuta mini ta ce a sa sunansa a ƙarshe, don a san ko wane ne. Na buɗe baki ya ƙi fitowa. Ku je Kalgo ku tambayi 'yarsa, ita tana iya faɗa. Kada ku bari sai bayan kaka.